FILIN MANOMA: Shimfiɗar 'Yan Kwikwiyo Da Koya Musu Wurin Kashi

Manoma da yawa suna ajiye kare. Wani don ya kore masa birai daga gonar masara, wani don gadin garke da dare, wani kuwa don farauta da rani in an gama aikin gona. Amma sa'ad da karya ta haihu, sau da yawa sai a bar ta a bayan rumbu ko ƙarƙashin tarin kara, ba mai waiwayarta. Ta haifi 7, kafin wata 2 sai a ga saura 2 ko 3, su ma ga ƙaton ciki ga ƙuraje. Tsakar gida kuwa duk ta ɓaci da kashi, ga yara suna rarrafe. Daga nan sai maigida ya ce irin karen ne ba shi da kyau. Galibi kuwa laifin wurin kwanan ne.

Abin da ya kamata mai kare ya riƙe shi ne, zaɓen shimfiɗa da koya wa kwikwiyo wurin kashi aiki guda ne. Kwikwiyo ba ya son ɓata inda ya ke kwana, kuma irin ƙasar da ƙafarsa ta saba takawa wajen yin fitsari kafin ya kai mako 8 ko 9, ita zai riƙa nema bayan ya girma. Wanda ya gyara wuri tun farko ya yi rabin horon.

TUN KAFIN HAIHUWA

Karya tana ɗaukar ciki kwana 63, watau mako 9, ko da ya ke ya kan ragu ko ya ƙaru da 'yan kwanaki. Saura kamar kwana 10 ta haihu sai a nuna mata wurin da aka shirya, don ta saba da shi. A nemi zaure ko rumfa wadda ruwa ba ya shiga, iska ba ta kaɗawa, nesa da madafa da wurin wasan yara.

A cikin wurin a kafa akwatin katako marar murfi, wanda uwar za ta miƙe a ciki sosai. Ga karnukan gida masu matsakaicin jiki, ƙafa 4 tsawo da ƙafa 4 faɗi ya isa. A rage tsayin gefe ɗaya yadda uwar za ta ƙetare, 'ya'yan ba su iya ba. Daga ciki kuma a buga sanda kewaye da akwatin, kamar inci 4 daga ƙasa. Amfaninta, in uwar ta jingina da bango, kwikwiyon da ke bayanta sai ya shige ƙarƙashin sandar, ba za ta danne shi ba.

MAKO UKU NA FARI

A kan haifi kwikwiyo ba ya gani, ba ya ji. Sai ya yi kwana 10 zuwa 14 idonsa ke buɗewa. A wannan lokaci ba ya iya fitsari ko kashi da kansa, sai uwar ta lashe masa ciki, ita ce kuma ke share abin da ya fito. Saboda haka babu zancen horo tukuna. Abu uku kaɗai a ke bukata ga shimfiɗa: ta yi ɗumi, ta bushe, kada kuma ta yi santsi.

Ɗumi ne kan gaba, gama jikin jaririn kwikwiyo ba ya iya riƙe zafinsa. A makon farko yana bukatar wurin kwanansa ya kai digiri 29 zuwa 32 na ma'aunin Selsiyas, alhali daren hunturu a Kano ko Jos ya kan yi ƙasa da rabin haka. Kwikwiyon da sanyi ya kama ya kan daina tsotso, in ya daina tsotso kuwa mutuwa ta matso. Siminti tsirara yana zuƙe zafin jiki, don haka a sa kwali ko katako a ƙarƙashi. In sanyi ya tsananta a naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tsumma a ajiye a kusurwa. Kada a shigar da kaskon gawayi a rufe ƙofa, iskar gawayi tana kashe mutum balle kwikwiyo. Da bazara kuwa inuwa da ruwan sha ga uwar su ne abin kula.

Santsi ma abin gudu ne. Kwikwiyo da ƙafafun baya ya ke tura kansa zuwa nono. A kan tayil, ko ledar ɗaki, ko siminti mai sulɓi, ƙafafun sai su riƙa zamewa gefe, har wani ya zauna da ƙirji a ƙasa ya kasa miƙewa kan lokaci. A ƙasar Holan an bi wadansu karnuka irin da a ke kira Boksa tun daga haihuwa, aka buga sakamakon a 1 ga jerin binciken likitocin dabbobi na 2005. An tarar waɗanda aka rena a kan daɓe mai santsi kafin yaye sun fi sauran kamuwa da ciwon kwatangwalo bayan sun girma. Karen farauta ko na gadi in ya rasa ƙugu ai ya tashi aiki.

WACE SHIMFIƊA ZA A ZAƁA?

Buhun algarara ko tsohon bargo. Waɗannan su ne suka fi, don suna shan ruwa, suna da ɗumi, farce yana kama su. Sai dai a ja su a miƙe, a danne bakinsu da katako, don kada kwikwiyo ya shige cikin ninki uwar ta kwanta a kansa. A tanadi 3 ko 4, ana sakewa kullum, ana wankewa ana shanyawa a kan igiya cikin rana.

Buhun leda. Ba ya shan ruwa, zarensa kuma ya kan warware ya ɗaure ƙafa ko wuya. Buhun takin zamani da wanda aka taɓa zuba iri mai magani a ciki, kada a kusantar da su ko kaɗan.

Busasshiyar ciyawa. Tana da ɗumi, ba ta cin kuɗi, amma maɓoyar ƙuma da kaska ce. Wanda ba shi da wani abu sai ita, to, ya riƙa kwashe ta yana ƙonewa bayan kwana 2, ko da zarar ta jiƙe.

Ƙaiƙayi da dusar katako mai laushi. Ba su dace da jarirai ba. Suna manne wa cibiya tun ba ta bushe ba, suna shiga hanci da baki.

Kwali da tsofaffin jaridu. Suna da amfani ranar haihuwa, don da an gama sai a tattara a ƙone. Bayan haka a bar su a ƙarƙashin buhu kawai, gama takarda tana da santsi. A kuma duba kada a shimfiɗa wadda ke ɗauke da sunan Allah.

Daɓen ƙasa. Ba shi da santsi, ba shi da sanyin siminti, amma ba ya wankuwa, cuta kuma tana daɗewa a cikinsa. In a kansa za a yi reno, a kankare samansa a zuba sabuwar ƙasa kafin kowace haihuwa. Mai halin zuba siminti ya sa magini ya ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye don ya yi kaushi, ya kuma karkata shi kaɗan yadda ruwa zai gangara waje.

DAGA MAKO NA UKU

Da sun kai mako 3 za a ga sun fara tafiya suna tangaɗi, suna janyewa daga inda su ke kwance kafin su tsuguna. Wannan ita ce ranar fara horo, kada a bari ta wuce. A buɗe gefe ɗaya na akwatin, a raba wurin biyu: nan buhu ko bargo don kwana, nan kuma, taki 2 ko 3 daga bakin akwatin, wani faffaɗan tire ko akwati marar zurfi cike da yashi. Bakinsa kada ya wuce inci 2 don su iya hawa. Lalle abin da ke wurin kashi ya bambanta da abin da ke wurin kwana, yadda ƙafa za ta gane tun ido bai gane ba.

A ranar farko a ɗan zuba ƙasar da suka yi fitsari a kanta cikin yashin, wari zai kira su. Wurin kwana kuwa a tsabtace shi sarai. Kowane mako a ƙara nisa kaɗan, a matsar da abinci da ruwa can gefen wurin kwana, har a mako na 6 ko na 7 tiren ya kai bakin ƙofa, sa'an nan ya fita waje zuwa kusurwar da maigida ya zaɓa.

A Ingila da Amurka, inda karnuka ke kwana cikin ɗaki, masu kiwo su kan sayi wata shimfiɗa ta takarda da auduga mai shan fitsari, a yi amfani da ita a yar. Tana da tsada, 'yan kwikwiyo suna yayyaga ta su haɗiye, wanda ya saba da ita kuma ya kan ɗauki kowane abu mai laushi a ƙasa wurin fitsari ne. A gidan da ke da tabarmi da darduma wannan ba ƙaramar fitina ba ce. Karen da zai zauna a gona ko garke, a kan ƙasa ya kamata ya koya. Inda yashi ke da wuya, ana iya zuba manyan ɓawon katako irin na masu kiwon kaji, muddin ba na katakon da aka yi wa maganin gara ba ne.

HATTARA DA YASHI

Yashi yana da nasa sharri. Akwai wani ƙuda mai launin ƙasa-ƙasa, Turawa suna ce masa tumbu, ya fi yawa da damina. Macen tana neman yashin da ke inuwa wanda fitsari ko kashi ya taɓa, ta zuba ƙwai 100 ko fiye. Cikin kwana 3 sun ƙyanƙyashe. Tsutsar sai ta huda fatar kwikwiyo ta zauna ciki kamar kwana 10, wurin ya kumbura kamar maruru da ɗan rami a tsakiya. Tana kama yara ma, har ta wajen tufafin da aka shanya a ƙasa. In ta riga ta shiga, a toshe ramin da man basilin, in ta leƙo neman iska a matse ta a hankali ta fito ɗungum.

Maganin abin shi ne a kwashe kashi safe da yamma, a juye yashin duk bayan kwana 2, a zuba sabo wanda ya sha rana. Kada a bar su su kwanta a cikinsa.

YADDA A KE KOYARWA

Kwikwiyo ya kan yi fitsari da ya farka, da ya gama cin abinci, da kuma bayan wasa. A waɗannan lokuta a kai shi wurin, a tsaya har ya yi, sa'an nan a shafa shi a yi masa magana mai daɗi. In an gan shi yana shinshinar ƙasa yana kewaye, a ɗauke shi maza. A riƙa ba da abinci kan lokaci guda kullum, kashi ma sai ya zo kan lokaci.

In ya yi a inda bai kamata ba, a wanke wurin har wari ya fita, shi ke nan. Duka da goga masa hanci a kashi ba su koya masa kome sai tsoron mai shi, daga nan ya koma yi a ɓoye bayan randa. Ɗan wata 2 ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa 2 ko 3. Sai ya kai wata 4 zuwa 6 ya ke mallakar kansa sosai. Kada kuma a raba shi da uwarsa kafin mako 8. Wanda zai ba da kwikwiyo kyauta ko ya sayar, ya gaya wa sabon mai shi irin ƙasar da ya saba da ita.

INA ZA A KAI KASHIN?

Kashin kare ba taki ba ne. Kusan kowane kwikwiyo da tsutsar ciki a ke haifarsa, tun a mahaifa ya ke samunta. Macen tsutsar guda tana iya zuba ƙwai har 200,000 a rana. Ƙwan ya kan yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya zama mai cutarwa, daga nan kuwa ya yi shekaru bai mutu ba. Yaron da ya ci ƙasar yana iya kamuwa, wani lokaci har ta taɓa masa ido. Ashe wanda ke kwashewa kullum ya riga ƙwan. Akwai kuma wata tsutsar da ke fita cikin kashin karen da a ke ba ɗanyen kayan ciki, tumaki da shanu su ɗauka a ciyawa, ta yi musu ƙullutun ruwa a hanta da huhu, mahauci ya yi hasara. Don haka a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya da lambu, a riƙa zubawa ana rufewa da ƙasa, a wanke hannu da sabulu.

A ba 'yan kwikwiyo maganin tsutsa a mako na 2, na 4, na 6 da na 8, tare da uwarsu. Malamin dabbobi ne zai faɗi irin maganin da yawansa bisa nauyinsu.

Sauran cutar fabo, mai sa amai da zawon jini, wadda ta bayyana a duniya a 1978. Ƙwayarta tana yin watanni da yawa a ƙasa, sabulu kuma ba ya kashe ta. Ruwan bilic ke kashe ta: kofi 1 cikin kofi 20 zuwa 30 na ruwa. A fara wanke simintin tas, a zuba, a bari minti 10, a ɗauraye, ya bushe kafin a mai da su. Daɓen ƙasa ba ya jin bilic, saboda haka inda kwikwiyo ya taɓa mutuwa da zawon jini kada a sake reno a wurin. Allurar rigakafinta daga mako 6 zuwa 8 a ke farawa, ana maimaitawa har mako 16. Kafin a gama, kada a fita da su inda karnukan gari ke yawo. Ta haukan kare kuwa a wata 3 a ke yi, ana kuma sarrafa ta a nan gida, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924.

Duk abin da aka zana a nan bai wuce buhu 4, da 'yan katako, da kwandon yashi, da ɗan lokaci safe da yamma ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Manomin da karyarsa ke da ciki yanzu, ya ƙidaya kwanakinta, ya je ofishin dabbobi mafi kusa ya tanadi maganin tsutsa tun ba ta haihu ba. Allah ya ba da sa'a.