Takalmin Neman Aiki: Duba Fata da Ɗinki Kafin Ka Duba Suna

Matashin da ya gama Jami'ar Kara ko ta Lome, ya koma gida Aouda, Sokode ko Dapaong yana jiran kira, ya san manyan ma'aikatu suna kudu. A Lome hedikwatar Ecobank take, da ta Orabank, da ta bankin raya ƙasashe na BOAD, ga tashar jiragen ruwa, ga unguwar masana'antu ta Adetikope da aka buɗe a 2021. Gurbi ɗaya, masu nema rututu, kuma kusan kowa takardarsa iri ɗaya ce da ta ɗan'uwansa. A irin wannan ganawa masu tantancewa kan ƙare wa mutum kallo tun daga ƙofa. Takalmi ba zai ba ka aiki ba, amma wanda ya yi baki ko ya sha ƙura yana iya sa a ɗauke ka mara kula.

Nan ne da yawa ke kuskure, su ɗauka babban takalmi shi ne mai babban suna. Gaskiya ne akwai gidajen da suka yi fice, irin su J.M. Weston na birnin Limoges a Faransa, wanda aka kafa a 1891, da Church's na Northampton a Ingila, tun 1873. Amma sabon takalminsu kan haura yuro 500, wato sama da sefa 325,000, alhali mafi ƙarancin albashi a Togo tun Janairun 2023 sefa 52,500 ne. Wanda bai fara aiki ba, cin bashin albashin wata shida don ganawar rabin awa ganganci ne. Wanda kuwa aka miƙo maka a kasuwa da wannan suna a kan 'yan kuɗi kaɗan, kuma wai sabo fil, jabu ne. Abin da ya ɗaga waɗancan gidaje shi ne fata da ɗinki, kuma duka biyun ana iya gane su da hannu.

Fara da fata. Danna saman takalmin da babban yatsa: fatar ƙwarai takan yi 'yan ƙananan tamoji, kana ɗagawa ta koma. Shinshina, warin jima daban, warin roba daban. Sannan ɗaga harshen takalmin ka dubi bakinsa inda aka yanka. In ka ga zare-zaren yadi a ƙarƙashin shafe mai ƙyalli, leda ce aka liƙa, kuma zafin Dapaong na watan Maris da Afrilu zai sa ta saɓule. Bahaushe bai kamata a cuce shi a nan ba, don jima da dukanci sana'ar kaka da kakanni ce. Jar fatar akuyar Sakkwato har Turai ta kai ta hanyar Sahara. In kana shakka, tafi da baduku ko mai gyaran takalmi na zango. Ladan da za ka ba shi bai kai asarar da zai tsare maka ba.

Sai ɗinki. Juya takalmin ka dubi ƙasansa. Mai kyau ɗinke shi ake yi da zare a kewaye, ta yadda in ƙasan ya cinye za a cire a sa sabo, saman yana nan shekara da shekaru. Na araha gam ne kawai ya riƙe shi, wani ma har zanen ɗinkin ƙarya ake yi masa a jikin roba, don haka sa farce ka ji ko zare ne. Wannan ya fi muhimmanci ga mai sayen gwanjo, a babbar kasuwar Sokode ko a Hedzranawoe ta Lome, inda ake kwance dilolin kayan Turai. A gwanjo ana dacewa da takalmin asali a farashi mai sauƙi. Sai dai akwai wata roba mai taushi da kan ruɓe in ta daɗe a ajiye, ka gan ta lafiya lau, kana yin taku ɗari ta fara marmashewa. Lanƙwasa ƙasan da ƙarfi a gaban mai kaya. In ya nuna tsaga, ajiye masa abinsa. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Game da fasali, baƙin sau-ciki mai igiya, mara ado, shi ne ba ya ba da kunya a banki ko ofishin gwamnati. Masu Faransanci na kiran mai matsattsen baki Richelieu, mai sakakken baki kuma Derby, wanda ya fi dacewa da mai tudun ƙafa. Mai ruwan ƙasa mai duhu yana shiga da kaftani da kuma aikin ƙungiyoyin raya karkara. A guji mai tsinin baki da mai ƙarfe yana walƙiya. Mace kuma ta nemi rufaffe mai gajeriyar dunduniya, wanda za ta iya hawa bene da shi ba tangaɗi.

Kada lamba ta ruɗe ka. A Togo da lambar Turai ake awo, amma gwanjon Ingila da tasa yake zuwa: 8 ɗinsu ita ce wajen 42. Gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka sa ranar, kuma ƙafa biyu duka, don ɗaya takan ɗara ɗaya. Ka saya da sauran lokaci, ka riƙa sa shi a gida har ya saba da ƙafarka. Mai amsa tambaya takalmi na cizonsa, rabin hankalinsa yana ƙasa.

Hanya ma abin lissafi ce. Daga Sokode zuwa Lome wajen kilomita 340 ne a kan babbar hanya ta ɗaya, wadda ta ratsa Aouda da Sotouboua. Daga Dapaong kuwa ya haura 600. Da hunturu ƙura, da damina taɓo, ga salansar zemijan, wato babur ɗin haya, mai ƙona fata. Sa takalmin a jaka, ka cusa masa takarda don kada ya lotse, ka yi tafiyarka da silifas. In ka isa, goge shi da tsumma da burushi kafin mai, don mai a kan ƙura datti yake ƙarawa. Bayan alwala a bar ƙafa ta bushe, kuma a kwance igiya kafin a sa. Take dunduniya a ƙofar masallaci shi ke karya bayan takalmi, kuma in ya karye ba ya miƙewa.

Kasafta kuɗinka tun farko: na mota, na masauki, na buga takardu, sannan na takalmi. Lokacin da ya rage kuma ka ba wa karatun ma'aikatar da ta kira ka, domin a kanta za a yi maka tambaya.