Yoga: Me ke nuna mutum ya ci gaba bayan shekaru yana atisaye?

A watannin farko, wanda ya fara yoga yakan ga sauyi a fili: hannun da ba ya wuce gwiwa sai ga shi yana taɓa yatsun ƙafa. Bayan shekara biyu ko uku, jiki yakan daina ƙara lanƙwasuwa. A nan ne wasu ke karaya su bari, wasu kuma su matsa wa kansu har su ji ciwo a gwiwa ko a ƙugu.

A Indiya, inda yoga ta samo asali, tsofaffin malamai ba su ɗauki lanƙwasa jiki a matsayin babban ma'auni ba. A koyarwar Patanjali, yoga tana da rassa takwas, kuma tsayuwa da zaman jiki, wato asana, reshe ne na uku kawai. Sauran sun shafi ɗabi'a, sarrafa numfashi da tattara hankali.

Rayuwar B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a 1918, ta nuna haka. Ya taso cikin rashin lafiya, ya yi fama da zazzaɓin cizon sauro, taifot da tarin fuka. Ya koyi yoga a birnin Mysore wajen mijin yayarsa, Krishnamacharya, sannan ya buɗe cibiyarsa a Pune a 1975. Shi ne ya yaɗa amfani da katako, ɗamara da bargo don tallafa wa jiki, ta yadda tsoho da majinyaci za su iya atisaye ba tare da rauni ba. Bai daina ba har ya haura shekara 90, ya rasu a 2014 yana da 95.

To, da me za a auna? Na farko numfashi: babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma mai yoga yana duba ko nasa yana tafiya a natse sa'ilin da jiki ke cikin wahala. Na biyu, bugun zuciya da safe kafin a tashi daga shimfiɗa. Na uku, barci da saurin hucewa bayan fushi. Rubuta waɗannan a littafi sau ɗaya a wata ya fi kwatanta kai da hotunan Instagram.

Akwai ma'auni na huɗu da ya fi shafar masu manyan shekaru. Ƙarfin tsoka da iya tsayuwa da ƙafa ɗaya suna raguwa da tsufa. Mai shekara 60 da ke tashi daga tabarma ba tare da dafa bango ba, kamar yadda yake yi shekara goma baya, ya ci gaba ko da bai koyi sabon salo ko ɗaya ba.