Suna ɗaya, waya daban

Mai neman waya a kasuwar Farm Centre ta Kano yakan ɗauka iPhone 14 duk iri ɗaya ce, ko daga ina aka kawo ta. Ba haka ba ne. Wadda aka fitar a Amurka a 2022 ba ta da wurin sa layi kwata-kwata, sai eSIM, wato layin da ake saukarwa cikin waya ba tare da kati ba. 'Yar'uwarta ta kasuwar Sin kuwa layi biyu na kati take ɗauka. A Japan da Koriya ta Kudu, ko an sa waya a shiru sai kyamararta ta yi ƙara in an ɗauki hoto, don a hana ɗaukar mutane a ɓoye. Siyasa ma tana sa hannu: tun da Amurka ta ƙaƙaba wa Huawei takunkumi a 2019, sababbin wayoyinsa suka rasa Play Store da sauran manhajojin Google. Waya tana fitowa ne ɗauke da doka da al'adar ƙasar da aka ƙera ta dominta.

Za a iya cewa wannan duk dabarar manyan kamfanoni ce, su ajiye na kirki a Turai su turo mana ragowa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin garanti da kayan gyara na ainihi sun fi wuyar samu a nan. Amma bambanci ba kullum yake nufin raini ba. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, a kan bambancin ya gina arzikinsa. Ya lura mutum a Zariya ko Maraɗi yana riƙe layi biyu saboda sabis na ɗaukewa da neman kira mai rahusa, sai ya yi masa waya mai layi biyu. Ya ga wuta ba ta tsayawa, ya sa babban batir, ya kuma gyara kyamara yadda fuskar baƙar fata za ta fito tas. Yau kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka nasa ne, alhali a ƙasarsa ba a ma sayar da su.

Matsalar ta fi tasowa in waya ta bar inda aka yi ta dominsa. 'Yar hannun da aka kwaso daga Amurka kan zo a kulle da layin kamfanin can, ko ta ƙi kama 4G yadda ya kamata, don kowace ƙasa da mitar da ta raba wa kamfanoninta, kamar tashoshin rediyo. Mai saye ba ya ganewa sai ya kai gida.

Su kuma kamfanoni suna jin maganar babbar kasuwa in ta buɗe baki. Tarayyar Turai ta yi dokar caja iri ɗaya a 2022, shekara na zagayowa Apple ya sa USB-C a iPhone 15 ta duniya baki ɗaya. Nijeriya na da mutum sama da miliyan 200, kuma hukumar sadarwa ta NCC tana da ikon tantance wayar da za a sayar a ƙasar. Da za ta wajabta a rubuta a jikin kwali ƙasar da aka yi wa wayar da mitocin da take kamawa, da ciniki a Farm Centre ya sauya salo.