HAWAN JINI DA CIWON DAJI: MINE NE TSAKANINSU?

Ƴan'uwa masu karatu na Kona, da na ƙasar Tasawa da Mayahi, yau za mu yi bayani kan hawan jini da ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara.

Jini yana tafiya cikin jijiyoyi kamar ruwa cikin tiyo. Ƙoda ce ke lura da ƙarfin tafiyarsa. In ƙarfin ya ragu, sai ta saki wani sinadari mai suna renin. Wani likita, Tigerstedt, shi ya gano shi a ƙasar Suwidin cikin shekarar 1898. Renin yana sa jiki ya haɗa wani sinadarin, anjiyotansin. Shi ne ke matse jijiyoyi, ya kuma sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. In aikinsa ya yi yawa, sai jini ya hau.

Ƙarin daji ba ya girma sai da abinci, kuma jini ne ke kai masa. Masana sun gano anjiyotansin yana taimaka wa ƙari ya tsiro da sababbin jijiyoyi, kamar yadda mai garka ke jan ruwa zuwa fangali. Sun kuma lura masu hawan jini sun fi kamuwa da dajin ƙoda.

Akwai ƙwayoyin da ke rage wannan sinadari, irin su kaftofiril. A 1998, likitocin birnin Gilasgo sun ga daji bai yi yawa ba cikin masu shan su. Amma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da haka ba. Saboda haka maganin hawan jini ba maganin daji ba ne. Kada mai tallar ƙwayoyi a kasuwa ya ruɗe mu.

Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Mu je gidan likita a auna jininmu. In awo ya riƙa kai 140 bisa 90, jini ya hau.
2. Gishirin mutum ɗaya a wuni kada ya wuce ƙaramin cokali guda. Mu rage dunƙulen miya, mu bar taba.
3. Wanda aka ɗora kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi.
4. Wanda ya ga ƙullutu a mama, ko jini cikin fitsari, ya garzaya asibitin Tasawa ko na Mayahi. Tun 2021 ake gashin daji da na'ura a Yamai.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya.