Kafin Ka Taka Bakin Kogin Gaji

Duk shekara, da zarar hunturu ya kankama, motocin makarantu da na iyalai sukan kama hanyar Bauchi zuwa Gombe, su karkata a Dindima su nufi gandun dajin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri. Akasarin masu zuwa sun ji labarin wanka a ruwan ɗumi na Wikki, sun ji kuma ana cewa yawon wurin ba wuya, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ga inuwa ga ruwa. Haka ne kuwa. Amma wannan sauƙin shi yake sa mutane su saki jiki, su shiga da silifas da ledar abinci a hannu kamar masu zuwa lambun unguwa.

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gwamnatin tarayya ta riƙe shi daga 1991 har zuwa 2006, sannan ya koma hannun jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kogin Gaji ya ratsa shi. Daga ƙofar Mainamaji zuwa masaukin Wikki tafiya ce ta fiye da kilomita arba'in a cikin daji, wato in wani abu ya faru, asibiti ba kusa yake ba.

Bakin kogin shi ne wurin da ya fi daɗin tafiya. Manyan itatuwa irin su maɗaci da maje da ɗinya da tsamiya da giginya sun yi masa rumfa, ga tsuntsaye fiye da iri 350 a gandun. Sai dai da rani, lokacin da tafkunan daji suka ƙafe, nan ne mashayar kowa: giwa, ɓauna, gwanki, gwambaza, mazo. Abin da ke kawo mai kallo shi ke kawo dabba. Shi ya sa ba a barin baƙo ya fita daga masauki da ƙafa sai tare da ma'aikacin gandu. Wasu samari sukan ɗauki wannan doka a matsayin hanyar karɓar kuɗi. Ba haka ba ne. Ma'aikacin yana duba sawu da kashin dabba ya gane ko yanzu ta wuce, yana kuma lura da inda iska ta dosa, domin giwa ba ta gani sosai amma hancinta ba ya kuskure. Giwa mai ɗa da tsohon ɓauna da ya ware daga garke ba a kusantar su don ɗaukar hoto.

Dorina ce mutane suka fi rainawa, saboda da rana ba a ganin komai nata sai kunne da hanci a kan ruwa. Da dare take fitowa kiwo, ta koma ruwa da asuba ta hanyar da ta saba bi. Wanda ya tsaya tsakaninta da ruwa ya shiga uku, don duk ƙibarta ta fi mutum gudu. Idan ka ga wata faffaɗar hanya ta gangara kogi, ciyawarta a tattake, kada ka mai da ita wurin hutawa. Akwai kada a Gaji, saboda haka ba a tsugunawa a gaɓa don wanke fuska ko alwala. A ɗauki ruwa a buta tun daga masauki.

Wurin wanka shi ne Wikki, wanda ake sauka zuwa gare shi ta matattakala daga masaukin. Ruwan yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa maki 31 a ma'aunin Salsiyas dare da rana, rani da damina. Garau yake har ana ganin yashin ƙasa, wannan ne ma yake ruɗar ido, domin a wasu wuraren zurfinsa ya kusa mita biyu. Malamin da ya kawo ɗalibai ya ƙirga su kafin su shiga, ya sake ƙirgawa bayan sun fito, ya kuma tsayar da babba guda a gaɓa wanda ba shi da aiki sai sa ido.

Su kuwa gwaggon biri na masaukin Wikki, sun daɗe da daina tsoron mutum. Sun san leda, sun san kular abinci, sukan shiga ɗaki ko mota in an bar ta a buɗe. Masu ziyara ne suka koya musu, da jefa musu biskit don a yi dariya. Kada a ba yaro abinci ya riƙa yawo da shi. In biri ya fizge abu, a bar masa, haƙoransa sun fi ƙarfin kokawa. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na kamar minti goma sha biyar, ya nufi asibiti a ranar.

Batun sutura ba na ado ba ne. A cikin duhuwar bakin ruwa akwai ƙudan tsando, cizonsa da zafi, kuma baƙi da shuɗi ne launukan da suka fi jan hankalinsa. A sa kaya masu ruwan ƙasa, dogon hannu, dogon wando mai ɗan kauri, da takalmi rufaffe. Takalmin saboda maciji ne. Kububuwa, wadda ta addabi manoman wannan yanki, 'yar ƙarama ce mai kalar ƙasa, takan lafe a busasshen ganye ko gindin dutse. Dafinta yana hana jini daskarewa, kuma mutum kan iya jin garau da farko, sai bayan sa'o'i jini ya soma fita ta dasashi ko ta tsohon miki. In ta sari mutum, kada a tsaga wurin saran, kada a tsotsa, kada a ɗaure ƙafar tamau da igiya, kada a ɓata lokaci kan baƙin dutse. A cire zobe ko agogo kafin kumburi, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa mota. Allurar kashe dafi ita ce magani, kuma a Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibitin da ya shahara a kan saran maciji. Masu leƙa kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen zamanin dā suka sassaƙa a jikin dutse, kada su zura hannu a ramin da ba su ga cikinsa ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu tafiya ta fi daɗi. A Maris da Afrilu an fi ganin dabbobi, amma zafi kan haura maki 40, don haka a fita da sassafe, kowa da gorar ruwansa, a dawo kafin rana ta take. Mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙe maganinsa a aljihu, ya kuma gaya wa ma'aikacin tun kafin a tashi. Mashaya taba su haƙura sai sun dawo masauki, guntun sigari ɗaya ya isa ya kunna busasshiyar ciyawar rani. Waya kuma ba abin dogaro ba ce a can ciki, sai a bar wa ofishin masauki yawan mutanen da suka fita, da inda suka nufa, da lokacin da ake sa ran dawowarsu.