Bindigar toka na barin daji: me ya sa mafarauta ke jingine ta?

A ƙauyukan jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, an daɗe ana gane maharbi da doguwar bindigarsa, da layun da ke jikin rigarsa, da ƙahon albarushi a rataye. Wasu na kiranta bindigar toka, wasu adaka, wasu kuma harba-ka-ruga. Yanzu samarin da ke shiga farauta sun fi son bindiga mai harsashi, wadda aka fi sani da kalibar 12, ita kuma tsohuwar tana komawa kusurwar ɗaki.

Bindigar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimun ya yi suna da rundunar 'yan bindiga, kuma a zamaninsa ana haɗa albarushi, ana ƙera igwa a cikin birnin. Bayan an daina yaƙe-yaƙen sarakuna, sai ta zauna a hannun mafarauta, maƙeran gari na ƙera ta suna gyara ta.

Babban abin da ya rage mata farin jini shi ne yadda ake ɗura ta. Ta baki ake zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sandar ƙarfe, sannan a zuba ƙwayoyin dalma ko guntayen ƙarfe. Harbi ɗaya take yi. Kafin a sake ɗuri, zomo ko zabon daji ya yi nisa, in kuwa dabbar mai faɗa ce, sai maharbi ya nemi hanyar tsira. Daga nan sunan harba-ka-ruga ya samo asali. Mai kalibar 12 kuwa karya bindiga kawai zai yi, ya sa sabon harsashi.

Akwai kuma haɗari. Albarushi ba ya shiri da danshi, shi ya sa da damina takan ƙi tashi. In aka cika ɗuri, ko bututun ya ci tsatsa, tana iya fashewa a hannun mai ita, ta tafi da yatsu ko ido.

Dajin ma ya canza. Fari na shekarun 1970 da 1980, faɗaɗar gonaki da sare itatuwa sun kori manyan namun daji. Bindigar toka ba ta cin nesa, sai an lallaɓa an matso kusa, alhali ɗan abin da ya rage ya koyi gudun mutum. Inda barewa ta fi samun mafaka, kamar gandun Gadabeji da aka keɓe tun 1955 a yankin Dakoro, an hana farauta. Dokar 29 ga Afrilun 1998 ce ke tsara farauta a Nijar, ma'aikatan gandun daji kuma su ke sa ido a kanta.

Matsalar tsaro ta ƙara nata. A yankunan Madarunfa da Gidan Runji, inda ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane ke tsallakowa ta iyaka, duk wanda aka gani da bindiga a daji sai ya sha tambayoyi. Waɗannan mahara kuwa Kalashnikov suke riƙewa, wadda mai harbi ɗaya ba ta iya tarar ta.

Inda ta rage da daraja shi ne bukukuwa. A hawan salla da naɗin sarauta, daga Damagaram har Katsina da Kano, ƙararta da hayaƙinta na cikin abin da ke ƙawata fada. A nan albarushi zalla ake ɗurawa, ba dalma.

Sai dai canjin ba alheri ba ne ga namun daji, don bindigar da ke saurin ɗuri ta fi saurin ƙarar da su. Kuma tare da tsohuwar bindigar akwai ilimin da ke shirin tafiya: sanin sawu, lura da inda iska ke kaɗawa, lokacin da ba a taɓa mace mai ciki, da sana'ar maƙerin da babu mai kawo masa gyara. Galibin masu wannan sani tsofaffi ne, 'ya'yansu kuwa da yawa suna Yamai, Agadas, Kano ko Libiya wajen neman kuɗi. Matashin da ya koma gida hutun salla yana iya zama da kakansa, ya ɗauki bayaninsa a waya tun yana da ƙarfin faɗa.