Malamin Ban-Ruwa da Darasin Madatsar Tiga

Ɗalibin da ke sha'awar zama malamin jami'a a fannin ban-ruwa yakan ɗauka cewa aikin duka lissafi ne: ruwa nawa ke shiga madatsa, nawa rana ke shanyewa, nawa ke isa gindin alkama. Lissafin kam dole ne. Zai yi shekara 5 yana digirin farko na injiniyan aikin gona, ya yi digiri na biyu da na uku, yana koyarwa yana bincike kafin ya ji ƙanshin kujerar farfesa. Sai dai tarihin Kogin Kano ya nuna cewa alƙalami kaɗai ba ya isa.

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma ƙara ta Challawa a 1992. Albarkar ba ɓoyayya ba ce: manoman Kadawa da Kura sun samu alkama da shinkafa da tumatir a tsakiyar rani. To amma ruwan da aka tare, can asali wasu ke jiransa. Fadamar Haɗeja da Nguru ta dogara ne ga ambaliyar damina. Ita ke kawo kifi, ta jiƙa gonakin shinkafa, ta bar wa makiyaya ɗanyar ciyawa. Da ambaliyar ta ragu, sai fadamar ta tsuke. Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya gano cewa, in aka auna da yawan ruwan da aka yi amfani da shi, amfanin da fadamar ke bayarwa ya zarce na gonakin ban-ruwan nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da taswira ba ta nunawa. A da, rassan kogin kan bushe da rani, ciyawar ruwa ta mutu. Da aka riƙa sako ruwa rani da damina, sai kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama masaukin tsuntsaye jan-baki masu cinye hatsi. Kazalika magudanan da ruwa ke tafiya a hankali gida ne ga katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, yara kuwa a nan suke wanka. Gonar da aka cika wa ruwa ba tare da mafita ba, ita ma gishiri kan taso mata.

Saboda haka malamin da ya san abin da yake yi ba ya zama a ofis. Tashar binciken ban-ruwa ta Kadawa, wadda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, aji ce babba, amma rabin karatun yana can gangaren kogi, a bakin masunta da masu kiwo. Abin takaici, kwamitin ƙarin girma takardun da aka buga yake ƙirgawa, ba ya tambayar kwana nawa mutum ya yi a Nguru.